Tagar Mai Allura

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana toshe hujin tufafi, har unguwa ta manta sunanta, sai Mai Allura. Ƙafafunta sun shanye tun tana yarinya, don haka duniyarta tabarma ce a gindin taga. Da hantsi takan ɗora zare a kan yadi, ta karkata shi wajen haske. Takan ce zare munafuki ne, sai a gaban rana yake faɗin gaskiya. In ta gama aiki, mai riga ma sai ya nemi wurin ya rasa.

Da wannan allurar ta raini autansu har ya zama mutum. Da ya samu, sai ya gina shaguna a jikin gidan, bangonsu ya toshe tagar ruf. Ya zo da ƙwan lantarki mai haske ruwan ɗorawa, ya ɗaura mata.

"Ga rana na kawo miki, Yaya, wadda ba ta faɗuwa."

A ƙarƙashin ƙwan, shuɗi ya koma toka, fari ya yi kamar tsohon haƙori. Facin da ya ɓace a jikin riga a cikin ɗaki, da an fita waje sai ya bayyana. Masu kawo kaya suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Ranar buɗe shagunan, dutsen guga ya ƙone masa gaban riga mai ruwan toka. Ya jefo mata ita a cinya. Ta ɗauko zare biyu, duk iri ɗaya a idonta, alhali ta san ɗayan yana da ɗan kore.

"Auta, ɗauke ni zuwa ƙofar gida in duba. Yanzu za mu dawo."

"In goya ki a gaban baƙi? Ga wuta nan."

Ta yi canke, ta ɗinke. Ya duba, bai ga komai ba, ya fita yana taƙama.

Daga tabarmarta ta jiyo dariya ta cikin bango. Wani na cewa, "Maigida, ganye ka liƙa a ƙirji?"

Ya shigo yana huci, facin ya sake ɓacewa a jikin rigar.

"Dubi nan," ta ce. "Tagar ce, Auta."

"Tsufa ne. Tunda idon ya mutu, me za ki yi da wuta?"

Ya taka kujera, ya naɗe hannu da bakin rigar saboda zafi, ya kwance ƙwan.