Taɓaryar Inna Hasiya

Har gobe ban manta da ranar da na kusa fitar da iyali takwas waje da alƙalamina ba. Lokacin ina sabon teknisiyan a wani buro, wato ofis, mai duba gine-gine, can wajen Gidan Rumji. Ga yadda aikin yake: in aka kawo ƙarar gini ya tsufa, ni zan je in duba, in rubuta rapor, wato rahoto, shef, shugaban buro, ya sa hannu, sai a shafa jan fenti a ƙofa. Jan fenti kuwa ma'anarsa kowa ya kwashe kayansa kafin ruwan fari.

Gidan da aka tura ni tsohon bene ne na ƙasa, bayan kasuwa. Wani attajirin gyaɗa ya gina shi don fatake masu sauka. Da cinikin gyaɗa ya mutu, sai ya koma gidan haya: malaman lakol, wato makarantar boko, sun zauna, teloli sun zauna, an haifi yara ba iyaka a ciki. Na je na ga bango ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da hannuna ke shiga. Ni kuma karatu na zafi a ka, ko minti goma ban yi ba na koma na rubuta cewa gida zai faɗi. Shef ya ce Litinin zai sa hannu.

Ranar Alhamis na koma in sanar da 'yan haya. Sai ga Inna Hasiya, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, don amarya aka kawo ta, yanzu ga jikoki. Ta ce, "Ɗana, mi ka gani?"

Na nuna mata tsagar.

Ta ce, "Wannan? Wannan ai rigar gida ce, ba gida ba."

Kafin in yi magana ta ɗauko taɓarya ta maka wa bango. Wallahi na yi tsalle baya! Siminti ya zubo faifai guda. A ƙarƙashinsa sai ga yaɓen makuba, wato ƙasar da aka kwaɓa da ruwan ɓawon ɗorawa, ja, sumul. Na sa ƙusa, ta lanƙwashe. Na sa wata, ita ma haka. Kai! Na jefar da takardu, na karɓi taɓaryar da kaina, ina bugu ina ihu, mata na guɗa. Na hau sama na ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, ko gara ba ta taɓa su ba.

Inna ta ba ni labari. A da, kowace shekara kafin damina, 'yan haya ke haɗuwa su yi wa gidan yaɓe. Da magajin attajirin ya karɓa, sai ya lulluɓe shi da siminti don ya yi kama da gidan birni. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa, shi kaɗai ya tsage.

Na ruga buro a kan moto, wato babur. Na ce, "Shef, a ba ni rapor ɗina, na yi kuskure."

Ya ɗago kai. "Wane injiniya ya gyara maka?"

Na ce, "Wata tsohuwa da taɓarya."

Ya yi dariya har da hawaye, amma ya biyo ni ya gani da idonsa, ya soke takardar. Bayan mako biyu aka ɓamɓare simintin kaf, aka yi gayyar yaɓe. Inna ta sa na tuɓe takalmi na shiga kwaɓa har gwiwa, tana cewa, "Taka da kyau, malam mai takarda!"

Ku yaranmu da kuka shigo aikin nan, abin da na koya ke nan: tsohon gida yana da masu shi waɗanda sunansu ba ya cikin takarda. In kun shiga, ku gaida tsohuwar gidan, ku zauna ku ji bakinta kafin ku buɗe biro. Inna Hasiya ta ƙara shekara shida. A ɗakin da aka kawo ta amarya, nan ta cika.