Takalmin Hagu

Cututtukana uku ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Hawan jini ne ya fara zuwa, wanda a likitar garinmu ta Gangara, wato asibitinmu, ake ce wa tansiyo, ya raba ni da gishiri. Ciwon suga ya biyo baya ya raba ni da fura mai zaƙi. Sai gwiwoyi. Manjo, wato babban ma'aikacin likitar, ya ce in riƙa tattaki saboda suga, gwiwa ta ce ba da ita ba. In na sha maganin gwiwa kuma, tansiyo ya tashi. Haka nake zaune a tsakaninsu kamar mai rabon faɗan ƴaƴan maƙwabta.

Duk waɗannan ina iyawa da su, don in sun zo sukan yi sallama. Abin da ya ba ni tsoro shi ne shirun ƙafafuna. Da farko zafi suke yi kamar an shafa barkono, ina ta masifa a gida. Wata rana zafin ya ɗauke. Matata ta yi hamdala, ni ma na yi. Manjo ne kaɗai bai yi murna ba. Ya sa na rufe ido, ya ce in faɗa masa in ya taɓa tafin ƙafata. Na jira har na gaji, na ce ya taɓa mana, ina da abin yi. Ashe tuni yake taɓawa. Ya ce daga ranar ko tsakar gida kada in taka ba takalmi.

Ba sai ya yi dogon bayani ba. Yayana irin wannan ciwon ya yi. Tuntuɓe kawai ya yi a hanyar masallaci, aka yi ta shafe-shafe a gida, daga baya aka kai shi Maradi, ya dawo da ƙafa ɗaya. Takalminsa na hagu ya daɗe a bakin zaure, rana ta busar da shi har ya nannaɗe. Ba wanda ya iya jefar da shi, ba kuma wanda yake son kallonsa.

Na bi maganar manjo har ruwan shuka ya sauka. A gidanmu maigida ne yake zuba irin farko a gandu, ya rufe shi da ƙafarsa, kuma ba a yi da takalmi. Haka na ga ubana yana yi. Mai shiga gona da takalmi ranar shuka, ko dai baƙo ne ko wanda aka riga aka sallama. Ni kuwa ban yarda an sallame ni ba. Babban ɗana ya shige gaba yana sara da sungumi, na tuɓe takalmana a gindin gawo, na bi shi da ƙwaryar iri.

A da, da ƙafa nake sanin ko laima ta shiga ƙasa. Ranar ban ji komai ba, ba sanyi ba laushi, kamar na aro ƙafar wani. Raina ya ɓaci, amma ban faɗa wa kowa ba. Na yi ta zubawa ina rufewa har rana ta take.

Ina alwalar azahar matata ta tsaya tana kallon sawun jinin da na bari daga ƙofa zuwa tabarma. Ta durƙusa ta ɗaga ƙafata ta hagu, ta zaro ƙayar aduwa doguwa daga ƙarƙashin babban yatsa.

“Malam, ba ka jiya ba?”

Na ce ban ji ba. Wannan karon ba ta yi hamdala ba.

Maƙwabta suka shigo dubiya, kowa ya tambaya ko tana ciwo. In na ce a'a sai su ce to da sauƙi, abin ya zo da sauƙi. Wanzaminmu ya ce zai yi mini sakiya, na ce ya je ya yi wa kansa. Amma ni ma ban fi su wayo ba. Na ce a bari a gama shukar wake tukuna, tunda abu ba ya ciwo. Hatsi ya tsiro, ramin ƙayar bai rufe ba. Gefensa ya fara duhu. In na zauna a inuwa, ƙudaje sukan bar ƙafar dama su taru a kan ta hagu, ina kallonsu ba na jin tafiyarsu.

Ranar kasuwa aka ɗora ni a amalanke zuwa likita. Manjo mutum ne mai faɗa, kullum sai mun yi cacar baki a kan gishiri, har na shirya amsoshina a hanya. Ya kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, ya duba, ya sunkuya ya shinshina. Bai yi faɗa ba. Ya wanke hannu a hankali, ya ce, “Baba, yau za ku tahi babbar likitar Gazawa. In sun ce Maradi, kada ku yi gardama.” Na so a ce ya zage ni.

Muka koma gida ɗaukar kaya. Matata ta zuba ƙwayoyin tansiyo da na suga da na gwiwa a leda ɗaya, ta naɗe riguna. Ƙafar ta kumbura, takalmi ba ya shiga, na dama kaɗai na sa. Ta ɗauko na hagun ta tsaya da shi a hannu, tana waige-waigen inda za ta ajiye.

“Wanga hwa, Malam? Tunda ba shi shiga.”

Na ce ta sa shi cikin jaka, kada ta bar mini shi a bakin zaure. Ta sa, ta ɗaure bakin jakar, ba ta kalle ni ba.