Hancin Inna Jobeda

Shekara ashirin da shida Inna Jobeda tana shara a firamaren unguwarmu, a gefen garin Natore. Ita ke kaɗa ƙararrawa, ita ke wanke wandon 'yan aji ɗaya idan an yi ɓarna. Mijinta ya rasu tun tana da sauran haƙora. Karatunta bai wuce rubuta sunanta ba, shi ma sai ta zaro harshe. Magana ba ta dame ta ba.

Ni ne Motaleb, mai kai yara makaranta. Kekena mai ƙafa uku ne, da keji a baya, benci biyu suna kallon juna, yara goma. Ina gaba ina taka feda, abin da ke faruwa a baya ƙeyata ce kawai shaida.

Cikin yaran akwai Shiuli, 'yar aji biyu, uwarta tana sayar da busasshen kifi. Da ta shigo keji sai Tumpa, 'yar mai kantin magani, ta toshe hanci, sauran su bi ta. Suka raɗa mata suna Kifi, suka bar mata rabin benci ita kaɗai.

Na ɗauki mataki irin na manya. Na tsaya a bakin hanya na yi musu dogon wa'azi kan zaman tare, har ni kaina muryata ta burge ni. Suka ce to, Kawu. Washegari suka ci gaba da toshe hanci, dariyar kawai suka rage. Na ɗaura madubi don in riƙa ganinsu. Gemuna kaɗai nake gani a ciki.

Ranar Laraba uwar Shiuli ta tare ni. Ta ce yarinya wanka biyu take yi kullum da sabulun wanki, har fatarta ta fara tsagewa. Gobe ce zuwanta makaranta na ƙarshe, daga nan ta zauna gida ta taya ta shanya kifi.

Na kai kukana wurin Inna Jobeda. Shararta ta ci gaba da yi. Da safe sai na tarar da ita a bakin hanya, ta shige keji ta zauna kusa da Shiuli. Inna ba ƙaramar mace ba ce. Gwiwoyina har yau suna tuna ranar.

Ba mu yi nisa ba ta buga keji ta ce in tsaya. Ta sunsuna kan Shiuli, ta ce man kwakwa ne. Ta sunsuna benci. Ta sunkuya har katakon ƙasa, ta daɗe a can.

"Motaleb, da rana idan ka sauke yaran nan, me kake ɗauka a keken nan?"

Na soma duba taya. Wata uku ke nan ina kai buhunan busasshen kifi tashar mota a cikin kejin, hancina ya saba.

"Gaya musu, da bakin da ka yi wa'azin," in ji ta.

Na gaya musu. Ta sa kowa ya sunsuna bayan rigarsa, kowa ya ji kifi, har Tumpa. Sannan Inna ta dubi Tumpa.

"Ko da warin nata ne, 'yar nan, sai me? Kifin uwarta ubanki ke ci da shinkafa har ya lashe yatsa. Ni nake sayo masa."

Da aka tashi daga makaranta ta miƙo mini toka da buroshi. Na durƙusa a tsakar makaranta ina goge katako, malamai suna leƙe ta taga. Yara ke ɗebo ruwa, bibbiyu. Tumpa da Shiuli ta haɗa a bokiti ɗaya, mai nauyin da ba ya ɗaukuwa sai an daidaita tafiya. Sau biyu suka jiƙa kansu, a na uku suka iso da rabi.

Ranar Lahadi, ranar da ake komawa makaranta a garinmu, Shiuli tana ƙofar gida da jakarta. Sunan bai mutu ba, kaina ya dawo. Kawu Kifi suke ce mini, har iyayensu, ina kuma amsawa. Inna Jobeda ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai duk safiya, kafin ta kaɗa ƙararrawa, takan zo ta cusa kai cikin kejin ta ja numfashi.