Makulli Mai Lamba Sha Bakwai

Shekara talatin da huɗu mahaifina ya yi a bayan kantar ajiye kaya ta tsohon wurin iyo na gari, har mutane suka manta sunansa, sai dai Baba Makulli. Aikin ba mai wuya ba ne. In ka shigo ya miƙa maka makullin akwatin ajiye kayanka mai zaren roba ka ɗaura a hannu, in ka gama ka kwashe kayanka, ka jefa makullin ta wata 'yar kafa a saman kanta ya faɗa cikin durowa. Durowar nan shi ya haɗa ta da hannunsa a shekararsa ta farko, ko goge ta ba ya barin kowa ya yi.

Abin taƙamarsa ɗaya ne, wai bai taɓa ɓatar da makulli ba, sai dai a sace. Kullum da yamma zai jawo durowa ya jera makullan a kan ƙusoshi. In ƙusa ɗaya ta zauna babu komai, ya duba wanda ya ba, shi ke nan, wannan mutum ya gama shiga ruwan nan har abada. Ka yi ta rantsuwa, ka kawo uwarka, ka kawo malaminka, amsar ɗaya ce: "Durowata ba ta cin makulli."

Ina shekara goma sha ɗaya abin ya faɗo kaina. Lamba sha bakwai. Wallahi na jefa shi, har ƙararsa na ji. A gaban ƙawayena Baba ya sa na zazzage jakata a ƙasa, bai ga komai ba, ya ce ai na miƙa wa wani. "Ko 'yar cikina ce ba zan ɗaga mata ƙafa ba," in ji shi da ƙarfi, don duk layi su ji. Sai da na shekara biyu a makaranta ana ce mini Sha Bakwai. Yanzu shekarata arba'in da uku, kuma ban iya iyo ba.

Bara aka fara gyara wurin bayan ya daɗe a rufe. An jera sola a rufi, an haƙa tankin tara ruwan sama, an yi gangara saboda masu keken guragu. Injiniyar da ke kula da aikin ta aika a kira Baba, wai suna so su adana wasu tsofaffin kaya don tarihi. Gwiwa ta dame shi, don haka ni na raka shi. Sai baza kafaɗa yake, yana nuna wa kafinta inda zai sa guduma kada ya ɓata masa durowa.

Kafinta na ɓalle katakon baya, sai ji muka yi yuuu, kamar an kifar da gwangwanin ƙusa. Makullai ne, duk sun yi tsatsa, robarsu ta narke. Ashe akwai rata ta yatsa biyu a bayan durowar, in ba a tura ta sosai ba sai makulli ya zarce cikin kogon kanta. Guda hamsin da ɗaya.

Ni kuwa bakina ba ya jira. Na kwashe da dariya na ce, "To Baba, ga ɓarayinka nan an kama, ko a kira 'yan sanda?" Leburori suka fashe da dariya. Baba bai kalli kowa ba. Ya durƙusa da gwiwar nan tasa, ya cire hula yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a ciki. Sama da shekara talatin nake jiran ranar nan, amma da ta zo ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya yi mini a gaban yara, shi na rama a gaban baƙi, ga shi kuma tsoho.

Mako guda bai leƙa ƙofar gida ba. Da injiniyar ta zo ta ce za su jera makullan a cikin gilashi a bakin shiga, da rubutu "Makullan da suka ɓata", sai ya girgiza kai. "Ba ɓata suka yi ba, 'yar nan. Ba ni takardar in rubuta da kaina."

Ranar buɗewa na tsaya na karanta, da rubutunsa mai karkacewa: "Ba wanda ya saci waɗannan. Durowata ce ta cinye su, ni kuma na kori mutum hamsin da ɗaya. Baba Makulli." Wasu masu furfura na gefena suna neman lambobinsu da yatsa. Ni ma na nemi tawa, sai na tarar da ƙusarta a cikin gilashin babu komai.

Sai na ji an kama hannuna. Baba ne, yana ɗaura mini sha bakwai, ya goge tsatsar ya sa masa sabuwar roba. Kansa a ƙasa ya ce, "Uwata, an ce mata na koyon iyo ranar Talata da safe. In za ki zo, ni zan riƙe miki jaka."