Gwadon Da Na Ƙona

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na cikin garin Yola wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, gida biyu tsakaninmu da gidan da aka haife ni. Mahaifiyata, wadda muke kira Daada, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so a ba ni tuwo sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa wancan." In na shigo tsakar gida, nan take za ta sami abin dubawa a cikin tukunya. Ɗakinta kuwa ko launin tabarmarsa ban sani ba. Kowa ya ce kunya ce, haka aka yi wa ubana, haka aka yi wa kakana. Na ji, amma raina bai karɓa ba. Abu ɗaya nake nema a wurinta tun ina ƙarami, in ga wata alama ko yaya take cewa ta damu da ni. Na kai shekara ashirin da ɗaya ina wannan neman.

A shekarar da nake magana an riga an haɗa mu da Maiduguri a jiha ɗaya. Na gama makarantar horon malamai, ina zaune ina jiran takardar aiki ta iso daga can. Ba ni da ko sisi, amma ina da wando mai kari, da wata 'yar suwaita, da hanci a sama. Duk abin da tsofaffi suke yi wanda ba ya cikin littafi, a wurina duhun kai ne, kuma ban iya ɓoye abin da ke raina ba.

Ana tsakiyar sanyi cikin Baaba, mahaifina, ya murɗe. Aka kai shi asibiti a Jimeta, aka yi masa aiki a daren. Dokar wurin ita ce da dare marasa lafiya kaɗai ke kwana a ciki, amma ana so wani nasu ya kasance kusa ko za a neme shi. Daga Jimeta zuwa gida tafiyar ƙafa ce ta kusan awa biyu, ba mu kuma da inda za mu sauka. Sai ni da Daada muka shiga cikin masu jinya da ke kwana a bayan katanga, mata a gindin bishiyoyin mangwaro kusa da famfo, maza a jikin bango can gefe. Bargon Baaba yana jikinsa a ciki. Sauran mayafan gida an bar wa ƙannena da kaka. Ni na zo da wani zanen gado na kanti mai furanni, wanda ya fi kyau a ido fiye da amfani.

Wanda ya san Jimeta da zafi kawai bai kwana a wajenta a watan sanyi ba. Da magariba ba ka jin komai, har ka yi wa masu hura wuta dariya. Sai dare ya raba, iska ta taso daga kogin Binuwai, ƙasa ta fara tsotse ɗumin jikinka ta ƙarƙashin tabarma. Yana farawa daga yatsun ƙafa, ya hau gwiwa, ya zauna a ƙugu. Haƙorana suka yi ta karo da juna har na ji kunyar na kusa da ni.

Na kusa da ni ɗin wani dattijo ne daga Barno, mai fataucin bandar kifi, ɗansa ya karye a cinya yana kwance a ciki. Rabin rayuwarsa a hanya ya kwana, don haka shi ne malaminmu duka. Da asubar farko ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ɗan makaranta, wannan zane naka na amarya ne. Sanyi ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙasa ne."

Shi ya nuna mini yadda ake yi. Bayan isha ka ƙona kara da kirare a daidai inda za ka kwanta, in sun cinye ka share garwashin gefe, ka watsa sabon yashi a kai, sannan ka shimfiɗa tabarma. Ɗumin zai riƙe ka zuwa tsakar dare. Ka zura ƙafafunka cikin buhu, ka naɗe kanka da kunnuwa, ka ba iska baya. Kada ka cika shan shayi, don duk wanda fitsari ya tasa ya rasa ɗuminsa ke nan. Na bi duka ban da buhun, wai kada ya ɓata mini wando. A dare na biyu da kaina na roƙi buhun. Duk da haka daga ƙarfe biyu zuwa kiran salla babu barci, sai dai ka dunƙule kana jiran gari ya waye.

Rana ta uku na tashi idanuna jajaye, kaina kamar an sara. Goggo, ƙanwar Baaba, ita ke kawo mana koko da ƙosai daga gida kowace safiya ta koma da la'asar. Na je wajen mata karɓar nawa. Daada tana zaune a kan kayanta, ta turo kwanon da gefen hannu ba tare da ta ɗago ba, ta ce wa Goggo da Fulatanci, "A tambayi wancan ko likita ya zaga." Ga ni tsaye a gabanta, taku biyu. Kwana biyu ban runtsa ba, ko sannu. Raina ya ɓaci, kuma na bar shi ya fito.

"Daada, ga ni nan, ki tambaye ni mana. Ke ko mutuwa na yi a sanyin nan, na san ba za ki waiwayo ba."

A gaban matan mutane na faɗa, da ƙarfi. Goggo ta riƙe baki ta ce, "Kai, ka san da wa kake magana kuwa?" Daada ta gyara lulluɓinta, ta juya fuska wajen famfo. Na bar kokon a nan na tafi, ina jin kaina wani jarumi.

A daren nan na yi barci. Ban san lokacin da ya ɗauke ni ba, sai kiran salla na ji. Na farka na tarar da wani gwado a jikina, fari mai kauri, saƙar hannu, da baƙin layi a bakinsa, an cusa gefensa a ƙarƙashin ƙafafuna. Na naɗe shi na ajiye a kan tabarma na tafi alwala. Kafin in dawo daga salla babu shi. Ban yi wani dogon tunani ba. Wa ya damu da ni a wurin in ba dattijon nan ba? Na durƙusa na yi masa godiya.

Ya ce, "Ba nawa ba ne, yaro."

Na yi dariya, na ɗauka kara ce irin ta manya. Ya ƙara cewa, da Hausarsa ta mutanen Barno da ba ta raba mace da namiji, "Mamanka ya ci abinci? Ka je ka gan shi." Na ce masa Daada ba ta bukatar ganina. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ɓare goro ya jefa a ciki.

Haka aka ci gaba. In kwanta da zanena mai furanni, ɗumin yashi ya ɗauke ni, in farka cikin gwado, in tafi salla ya ɓace. Da rana ina ganin Daada zaune a kan wani gwado a naɗe, kamar yadda rabin matan wurin suke zaune a kan nasu. Gwado duk iri ɗaya ne a idon wanda bai taɓa saƙa ba, ni kuma da ba a ɗakinta na tashi ba, ban san kayanta ba. Fushi ma bai bar ni na dube ta da kyau ba. Tun ranar da na yi maganar nan Goggo ke miƙo mini abinci, ni da Daada sai gaisuwa daga nesa.

Wata asuba na tashi da wuri, na yafa gwadon na matsa kusa da wutar da ake ɗora ruwan alwala. Tartsatsi ya faɗa masa ban lura ba sai da na ji ƙauri. Ya ci rami kamar faɗin kwabo a daidai baƙin layin, bakinsa ya yi ja-ja. Hankalina ya tashi, na kai wa dattijon ina ba shi haƙuri, ina cewa in aiki ya fito zan saya masa sabo. Ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Mai shi ba zai yi fushi ba." Har a nan ban gane ba. Ni da na ci jarrabawa, ni da nake yi wa tsofaffi kallon marasa kai.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma zan faɗa don bai kamata in rage wa kaina ba. A 'yan kwanakin ƙarshe, kafin barci ya ɗauke ni, ina jin wani tari daga wajen mata, busasshe, mai tsawo, ana ƙoƙarin danne shi. Wani dare na ja tsaki na ce, "Wace ce wannan take hana mutane barci?" Dattijon ya ɗago ya dube ni a hasken garwashi, ya daɗe yana dubana, sannan ya juya ya ba ni baya. Ban san tarin uwata ba. Yanzu na fahimci halin da yake ciki. Ya ga mace tana ɓoye abu saboda kunya, shi kuma mutumin da ya san kunya ne, ba zai tona ta ba. Iyakar abin da zai iya ya yi, ya tura ni wurinta sau uku ko huɗu, ban je ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi aka sallami Baaba. Daada ce ta ɗauki ƙullin kaya a kanta har tasha. Kwana biyu da komawarmu zazzaɓi ya kayar da ita, haƙarƙarinta ya riƙe, numfashi sai da ƙyar. Aka ce a mayar da ita Jimeta ta ƙi. Goggo ta fito ta gaya mana abin da ta ce: "Wa zai je ya kwana a waje saboda ni a wannan sanyin?" Ni da baƙar zuciyata na ɗauka gugar zana ce, da ni take. Na tsaya a ƙofar ɗakinta safe da yamma ina jiran a ce in shigo. Na ce wa kaina in dai ta kira ni sau ɗaya, zan faɗi a gabanta in nemi gafara. Ba ta kira ba, ni kuma ban shiga ba. Rana ta huɗu da hantsi ta cika.

Bayan sadakar bakwai Goggo ta ce in shigo a fito da kayanta. Ranar na fara taka ɗakin. Ƙarami ne, da gadon kara, da jeren ƙorai, da adudu ɗaya. Goggo tana ɗaga kaya tana miƙo mini ina ajiyewa a tabarma, har ta miƙo gwado. Na karɓa zan ajiye, sai yatsana ya faɗa cikin rami. Na juya shi. Faɗin kwabo, a kan baƙin layi, bakinsa ja-ja.

Na ce, "Goggo, wannan na waye?"

"Nata ne mana. Da shi aka kawo ta gidan nan, kakarta ce ta sa aka saƙa mata. Shi kaɗai ta tafi da shi asibiti."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, sai zanen jikinta. Kullum in na tambaye ta sanyi, sai ta ce gwadon ya ishe ta. Ka ga ƙunar nan? Da muka dawo na ce ta kawo a cike mata, ta hana, ta ce a bar shi yadda yake."

Na zauna a ƙasa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ta, har Baaba ya dafa bango ya leƙo. Na kasa gaya musu dalili. Goggo ta yi ta cewa in yi haƙuri, kowa da ranarsa, ni kuwa ƙidaya nake yi a raina. Dare tara. Dare tara tana jira sai na yi barci, ta taso ta ratsa wajen maza, ita da ko ido ba ta haɗawa da baƙo, ta rufe ni, ta cusa mini gefensa a ƙafa, ta koma ta kwanta a gindin mangwaro da zane ɗaya. A wajen mata babu mai ƙona yashi, babu wanda ya koya musu. Ni na sani, kuma ban je na nuna mata ba.

Washegari na taka har Jimeta neman dattijon. An sallami ɗansa, sun tafi, wasu mutane ne a jikin bangon suna hura wuta. Takardar aikin ta zo daga Maiduguri bayan wata guda, na tafi da gwadon inda aka tura ni, kuma har yau ban bari an cike ramin ba.

Na nemi alama shekara ashirin da ɗaya, aka lulluɓe ni da ita, na tashi na gode wa wani. Maganar da na faɗa mata a gaban mutane tana ci mini rai, tsakin da na ja ma haka. Amma abin da na kasa yafe wa kaina shi ne barcin. Na tsufa yanzu, na kwana a kan katifu iri-iri, ban taɓa yin barci mai daɗi kamar na waɗancan darare tara ba.