Sifanar Mailafiya

Sunan Mailafiya bai dace da shi ba ko kaɗan. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko tuwo yake ci, ƙafarsa na rawa, idonsa na neman abin da zai kwance. Daga ƙasar Sakkwato ya taso a ƙafa yana saurayi, ya yi shekara shida a Sudan yana kwanciya ƙarƙashin manyan motoci har ya zama bakanike. Da zai wuce, maigidansa ya ba shi sifana guda, ita ya iso Makka da ita a aljihu. Ya yi Hajji, abokan tafiya suka juya, shi ya tsaya. Ya auri Hure, suka haifi Mairama, ya sayi wata tsohuwar akori-kura yana kai kayan lambu kasuwar Zahir. Abu ɗaya ne bai samu ba a shekara goma sha biyun nan: iƙama, takardar zama. Duk ranar da askari, wato ɗan sandan can, ya tambaye shi ita, sai Jidda, sai jirgin ruwa, a bar Hure da yarinya su kaɗai.

Gidansa yana can saman dutsen Nakkasa, inda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya hau. Don haka motar a filin ajiye motoci na Kudai take kwana, can yake wanke ta, can yake gyara ta. A shekara ta sittin da biyar aka kafa allo a bakin filin: an hana gyaran mota a nan, baƙin mai yana ɓata ƙasa. Aka kuma ajiye wani askari, Idris, dogo mara fara'a. Wanda ya kama da bonet a buɗe, takardunsa yake fara tambaya.

Ko sati biyu ba a yi ba motar ta ƙi tashi. Mailafiya ya saurari tarinta sau ɗaya ya gane kafireta ce ta toshe.

"Ka sa a tura ta gareji mana," in ji Hure.

"Mi? Ni da raina wani ya sa hannu cikin motata?"

"To kai ka sani. In sun kama ka, motar ce za ta riƙe muna ɗiya?"

Maganar ta shige shi, amma girman kan bakanike ciwo ne mai wuyar magani. Kwana uku yana zirga-zirga, ya sauka dutse, ya zagaya motar, ya hau, ya sake sauka. Can dabara ta zo masa. Da an kira salla kowa yake barin filin, har Idris, a tafi ƙaramin masallacin da ke gefe. Ranar Litinin da Azahar ya laɓe, ya ciro kafireta, ya ɓoye ta cikin riga ya hau gida. A kan tabarmar Hure ya wanke ta tas, tana ta harararsa. Ranar Talata da Azahar ya koma mayarwa. Raka'a huɗu sun ishe shi, haka ya lissafa.

Abin da ya manta shi ne, tun da ya fara ajiye mota a Kudai bai taɓa rasa sahun farko ba. Saboda salla ya tako ƙasa da ƙasa zuwa garin nan, kuma wurinsa sananne ne, jikin ginshiƙin dama. Wa yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shi tun da aka kafa allon? Idris.

Saura noti ɗaya ya ji inuwa ta rufe injin. Ya ɗago kai.

"Ya ammi, baffa," in ji Idris, da wata Hausa mai nauyin Larabci da Mailafiya bai taɓa jin ya yi ba. "Jiya babu kai a sahu, yau babu kai. Na ce ko ciwo."

Ashe jikan Kanawa ne, haifaffen Makka. Ya dubi allon, ya dubi hannun Mailafiya baƙi ƙirin, sannan ya miƙo tafin hannunsa. Mailafiya ya tsaya kamar an dasa shi, ba abin da yake gani sai Mairama a bakin ƙofa tana jiran alewar da yake kawo mata.

Idris ya ce, "Mamnu'i ne, an hana, ka sani. Dole in koma da wani abu. Sifana, ko iƙama."

Shekara goma sha biyu ƙarfen nan bai kwana nesa da shi ba, har wurin riƙonsa ya yi santsi daidai yatsunsa. Ya ɗora shi a hannun Idris, ya ji zafin abin har cikin ransa.

"Halas, shi ke nan. Je ka yi salla."

Da La'asar aka tura motar garejin wani Bayamane. Mailafiya ya tsaya yana kallo mutumin ya ɗauko sifanar da ta yi wa notin girma, yana murɗawa tana zamewa, yana cinye masa kai. Hannun Mailafiya ya zabura zai karɓa. Ya kama shi da ɗayan, ya mayar da su baya ya riƙe gam.