Mutumin Ƙanƙara da Irin Shinkafar Kaka

A gidanmu ba a hura wuta don hira kawai, wutar aiki muke gada. Inna turara shinkafa take yi, kamar yawancin matan ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, kuma idan ta sauke duron ƙarshe gab da magariba, garwashin da ya rage a murhun ya zama namu. Lokacin sanyi, da iska ta ratso ta kan ruwan kanal ɗin noman rani, har cikin haƙori mutum yake jin ta. Sai mu kewaye murhun, ni da Yaya Sani da ƙananan ƙannena biyu, mu tura dankali cikin toka, mu jira Kaka ta idar da sallar isha'i ta jawo 'yar kujerarta.

Kaka mahaifiyar Baba ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai Takwara. Tsokana kuwa kamar don ni aka halicce ta. “Takwara, gusa, kin tare mini wuta da wannan kai naki kamar tulu,” haka take buɗe hira kusan kullum. Ni kuma ba na barin ta kwana, sai in ce ai gado na yi.

Akwai abu ɗaya da ba a yi mata wasa da shi: irin shinkafarta. Wata jar shinkafa ce mai ƙamshi, wadda ta taho da ita daga ƙauyensu tun tana amarya. Ƙauyen nan ruwan dam ya cinye shi tun kafin a haife ni, mutanensa suka watse. Kowa a wajenmu ya koma irin zamani mai yawan yabanya, ita kaɗai ta ƙi. Duk damina Baba yakan ware mata fangali ɗaya a ƙarshen gona, ta shuka abinta, ta cire iri, sauran mu ci da sallah. A shekarar da nake ba da labari, farkon shekarun dubu biyu, ina aji huɗu, tsuntsaye suka yi wa fangalin nan ɓarna. Abin da ta tsira da shi bai cika ƙaramin tulu ba. Ta toshe bakinsa da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado.

To ga inda na shigo. Muna da maƙwabta Kirista, mutanen Filato. Maigidan gyaran injin ban ruwa yake yi, 'yarsu Rifkatu kuma ƙawata ce, ajinmu ɗaya. Kowace shekara gida suke tafiya Kirsimeti, amma a waccan ba su je ba, saboda Maman Rifkatu tana da tsohon ciki. Rifkatu ta yi kwanaki tana kumbure-kumbure. Abin da ya rage mata kawai wani kati da gwaggonta ta aiko, mai hoton wani farin mutum, ƙulli biyu, ƙarami a kan babba, da hula da hancin karas. Ta ce da dusar ƙanƙara ake gina shi a ƙasashen sanyi. Mu da ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin zoɓo, sai muka yi ta kallonsa muna mamakin yadda ba ya jin sanyi. Na ce mata, “Daina ɓata rai, ni zan yi miki irinsa.”

Na zari farar safar makaranta ta Yaya Sani, ƙafa ɗaya, daga kan igiya. Na fara cika ta da yashi, ta yi dauɗa ta koma kalar ƙasa. Auduga babu. Shinkafar Inna kuwa ta mutane ce, a ɗinke cikin buhu, ba ta taɓuwa. Sai Shaiɗan ya tuna mini tulun ƙarƙashin gado. Na faki idon Kaka tana alwala, na ɗebi tafi uku, na mayar da tsumman yadda na gan shi. Muka ɗure safar, muka ɗaure wuya da zaren kitso, muka ɗinka maɓallan tsohuwar riga a matsayin ido. Karas bai samu ba, muka maƙala busasshen jan barkono ya zama hanci. Hula kuwa ƙaramin gwangwanin tumatir ne, ƙyallen atamfa daga shagon tela kuma muka naɗa masa a wuya. Ƙaiƙayin shinkafar ya riƙa tsirowa ta jikin safar kamar mai gashin jiki, amma wallahi a idonmu ya fi na katin kyau. Maman Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta rataye shi a ƙusa saman ƙofar ɗakinsu. Yaya Sani ya sha neman safarsa har ya ɗora wa akuya laifi.

Bayan kamar mako uku, Kaka ta fito da irinta ta baza a tabarma don ya sha rana, ta tafi gaisuwar mutuwa a Madobi. Ranar kuma aiki ya yi wa Inna yawa, tsakar gida duk shanya ce. Da yamma tana sauri ta tattare komai ta zuba a ruwa, washegari ta ɗora a wuta. Duk ɗan wajenmu ya san shinkafar da ta sha turara ta mutu, ko a bakin kogi ka shuka ta ba za ta tsiro ba. Da Kaka ta dawo ta tambayi tabarmarta, Inna ta tsaya cak da ludayi a hannu, ta kalli duron, sai ta durƙusa a wurin.

“Na cuce ki, Iya. Wallahi ban lura ba.”

Kaka ta leƙa duron, ta daɗe tana kallon jajayen ƙwayoyin da suka gauraye da farare. Ta ce, “Tashi, uwar Sani. Abin da ya ƙare ya ƙare.” Ta juya ta shige ɗaki.

Da ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Inna ta daina cin abincin kirki, tana aiki tana share ido da gefen zane. Baba ya hau keke ya zaga har Dawakin Kudu yana tambayar tsofaffi ko akwai mai irin, ya dawo hannu rabbana. Ni kuwa ina zaune da magani a bakina. Na san inda sauran irin yake, amma in na faɗa na zama ɓarauniya, kuma a gidanmu gara a ce ka fasa tukunya goma da a ce ka ɗauki allura. Na ji tsoro, na ji kunya, na yi shiru. Kwana uku Kaka tana zuwa bakin murhu ta ji ɗumi ta tashi, ba tatsuniya, ba tsokana.

A dare na huɗu ta zauna, ta tona dankali ɗaya, ta ɓare, ta ce, “Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri.”

Muka ce, “Ta zauna mu ji ta.”

Ta ce a wani gari an yi wani tsoho mai rumbu ɗaya, a ciki yake ajiye irin geron gari gaba ɗaya. Kurege kuma maƙwabcinsa ne, suna gaisawa, har tsohon yakan ba shi amanar gida in zai je kasuwa. Wata rana kwaɗayi ya ja kurege ya zari zangarniya ɗaya, ya kai raminsa ya binne. Ba a jima ba gobara ta tashi, rumbu ya ƙone ƙurmus. Gari ya ɗauki kuka, da mutane da dabbobi. Kurege ma ya zo jaje, ya fi kowa salati. Ya koma ya zauna a bakin raminsa yana cewa a ransa, gobe zan faɗa. Aka yi ruwan fari, ya ce gobe. Aka yi na biyu, ƙasa ta yi laushi, mutane suna tsaye a gona da sungumi babu abin zubawa a rami, ya ce bari dai a ƙara kwana.

Nan Kaka ta dakata ta hura dankalinta. Yaya Sani ya ce, “Ni da ni ne, cikin dare zan ajiye musu a ƙofar gida in gudu.”

“Kurege bai kai ka wayo ba,” in ji Kaka. Ta ci gaba, ta ce ranar da ya gaji da nauyin abin ya tona ramin, sai ya tarar gara ta riga shi, babu komai sai sanda. Ya fito ya kalli gari. Babu wanda ya taɓa kiransa ɓarawo, har ya mutu ana cewa kurege mutumin kirki ne. Gero dai ba a sake ganinsa a garin ba. “Ta ƙare a kan kurege,” ta ce, tana kakkaɓe toka daga zanenta. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na faɗi komai a hargitse, safa da tulu da barkono da gwangwani. Yaya Sani ya fara cewa, “Au, ashe ke ce kika...” Kaka ta ɗaga masa hannu ya haɗiye sauran. Inna ta fito daga ɗaki da fitila, ta tsaya.

“Yana nan har yanzu?” Kaka ta tambaye ni a hankali.

Na ce ban sani ba, tun ranar da abin ya faru na kasa shiga gidan su Rifkatu.

Da sassafe muka tafi, Kaka a gaba da sandarta, ni a baya kamar wadda za a kai wa alƙali. Muna yin sallama na ɗaga kai na dubi saman ƙofar. Ƙusa tana nan, babu komai a jikinta. Na raɓe a bayan Kaka. Maman Rifkatu ta fito da jaririnta a kafaɗa, ta rusuna ta gaida Kaka, ta shimfiɗa mata tabarma. Sai da suka gama gaisuwa tsaf, da ya mai jiki da ya kwanan jariri, ni kuwa kamar in yi ihu, sannan Kaka ta faɗi abin da ya kawo mu.

“Ayya, Mama,” in ji Maman Rifkatu. “Ɓera ne ya dame shi, har ya huda masa ciki. Na so in zuba wa kaji, Rifkatu ta yi ta kuka wai kyautar ƙawarta ce. Shi ne na jefa shi a gwangwanin madara na rufe.”

Ta shiga ta fito da gwangwanin. Ga mutumin ƙanƙara a kwance, ido ɗaya ya fita, hanci ya karye, amma cikinsa da nauyi. Kaka ta kwance zaren da hannunta, ta zazzage a faifai, ta ɗebi kaɗan ta shinshina. Ta rufe ido ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ni dai zama na yi daɓas a ƙasa. Rifkatu ta tsaya tana kallon safarta da ta koma fanko, idonta ya cika da ƙwalla. Kaka ta lura. Ta aike ni gida na karɓo ɗanyar shinkafa wajen Inna, ta ɗura da kanta, ta ɗinke hudar ɓeran, ta ce a nemo wani maɓallin. “Wannan bawan Allah ya yi mini gadi, ba za a sallame shi da yunwa ba.”

Duk da haka hankali bai gama kwanciya ba sai da aka gwada. Kaka ta naɗe 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye kusa da randa. Kullum da safe Inna ce take fara zuwa ta buɗe. A kwana na huɗu muka ji ta tana kiran Iya, Iya. Fararen tsiro ne suka leƙo, sirara kamar zare. Ranar Inna ta ci tuwo har da ƙari, da daddare kuma Kaka ta ce in gusa da kaina mai kama da tulu. Hukuncina bai wuce tsaron tsuntsaye a fangalinta ba, damina guda cur, kuma na yi shi ba tare da ƙorafi ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan shi ne a faɗi gaskiya tun tana da amfani. Haka ne kuma. Sai bayan na yi aure, na zo ganin gida, Kaka ta tsufa sosai har ba ta fita, na tuna mata labarin muna dariya. Ta ce, “Ke Takwara, kina zaton ban sani ba? Tun ranar da kika taɓa tulun na gane, ɗaurin tsummanki ba irin nawa ba ne. Kuma na ga abin a rataye ranar da na shiga barka.”

Na ce, “To Kaka, me ya hana ki aika a karɓo tun ranar farko? Kwana huɗu fa. Da an zuba wa kaji shi ke nan.”

Ta ce, “Na sani. Ban yi barcin kirki ba a kwanakin nan. Amma da na aika, da na samu irina, ke kuma kin koyi cewa shiru yana fitar da mutum. Shinkafa in ta tafi zan yi kuka in haƙura. Ke kuwa a gidan nan za ki girma.”

Abin da ya rage mata na ƙauyensu ke nan a duniya, ta bar shi a hannun ɓera da kaji har kwana huɗu, tana jiran 'yar shekara tara ta buɗe baki da kanta. Yanzu ina da 'ya'ya uku. Idan abu ya ɓace a gidana, nakan san wanda ya ɗauka tun kafin in gama tambaya, kuma nakan ce a raina bari in yi irin na Kaka, in jira. Har yau ban taɓa iya kaiwa la'asar ba.